Jinkirin Aikin Zuciya Ga Yara: Asarar Da Talakan Jakusko Yake Yi

A ƙauyukan ƙasar Jakusko, kamar dai sauran ƙauyukanmu na Arewa, akwai wani irin jariri da tsofaffin mata suka sani sarai, ko da yake ba su san sunan cutarsa ba. Shi ne wanda in an ba shi mama sai ya kama ya tsotsa kaɗan ya saki yana haki, gumi yana tsattsafo masa a goshi ko da cikin hunturu ne. Tari ba ya rabuwa da shi. In an tuɓe masa riga aka dubi ƙirjinsa, sai a ga haƙarƙarinsa yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙera. Tsararrakinsa su yi zama, su yi rarrafe, shi kuwa yana nan a bayan uwarsa, ba nauyi, ba kuzari. Wasu su ce iska ce, wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wasu su ce tamowa ce. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaron an haife shi ne da rami a zuciya.

Maganar da za mu yi yau ba ta tausayi ba ce kaɗai, ko da yake abin tausayi ne ƙwarai. Maganar lissafi ce, watau abin da gida ɗaya yake asara tun daga ranar da aka haifi irin wannan yaro har zuwa ranar da aka yi masa aiki, ko kuwa ranar da likita ya ce an makara. Domin wannan cuta tana da wani hali da ya bambanta ta da sauran cututtuka, shi ne kowane wata da ya wuce kuɗin maganinta yana ƙaruwa, amfanin maganin kuma yana raguwa.

Ga mai karatu da ke Ikko ko Badun wanda bai san wurin ba, Jakusko ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Yobe, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Barno ran 27 ga watan Agusta 1991. Tana kan hanyar da ta taso daga Fataskum ta nufi Gashuwa, cikin ƙasar Bade, kuma a cikinta Gogaram take, tsohon birnin sarakunan Bade inda ake bikin kamun kifi. Daga Gashuwa in ka yi yamma sai Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya. Sana'ar mutane noma ce da kiwo da su: gero da dawa da wake da riɗi a tudu, shinkafa a fadama, kifi a kogi. Dukiyar mutum a nan ba a banki take ba. Tana cikin rumbu, ko kuwa tana ɗaure a turke. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda abin yake

Likitocin duniya sun yi ittifaƙi cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, kimanin 8 ko 9 suna zuwa da wata tawaya a zuciya. Babu ruwan abin da fari ko baƙi, mai kuɗi ko talaka. A Nijeriya ana haihuwar jarirai wajen miliyan 7 a shekara, saboda haka in aka buga lissafi za a ga fiye da yara 50,000 ke nan kowace shekara. Ba dukansu ne ke cikin haɗari ba. Ramuka ƙanana da yawa suna toshewa da kansu yaro yana girma, wasu ma har su tsufa ba su san suna da shi ba. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara tilas ne a yi musu aiki cikin shekararsu ta farko.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakani. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu don ya ɗebo iska, na hagu kuma yana karɓar wannan jini ya tura shi ko'ina cikin jiki, saboda haka ya fi na dama ƙarfi nesa ba kusa ba. Tawayar da aka fi samu ita ce rami a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. In ramin babba ne, duk bugun da zuciya ta yi sai wani jini ya kurɗa daga hagu zuwa dama, ya koma huhu alhali yanzu ya fito daga can. Huhu ya cika da jini fiye da kima, numfashi ya yi wuya, limoniya ta riƙa kama yaro a kai a kai, abincin da ya ci kuma ya tafi wajen haki maimakon ya zama tsoka. Akwai kuma wata jijiya da kowane ɗan tayi yake da ita a cikin ciki, wadda ya kamata ta rufe cikin kwanakin farko bayan haihuwa. In ta ƙi rufewa, ita ma haka take cika huhu da jini.

To, a nan ne agogo yake fara bugawa. Mutumin Gashuwa da Nguru ya san abin da ciyawar kacala ta yi wa hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, yadda ta cushe su har ruwa ya kasa wucewa ya juya wani wuri. Kusan haka ke faruwa a huhun wannan yaro. Ƙananan jijiyoyin huhu, saboda ƙarfin jinin da ke dukansu dare da rana, sai su yi ta kauri suna ƙuntata. Bambancin kawai shi ne kacala ana iya tara gayya a sare ta, amma jijiyar huhu in ta riga ta ƙandare ba ta komawa. Shi ya sa likitoci suke son a toshe babban rami tun yaro yana da 'yan watanni, kafin ya cika shekara. In ya haura shekara biyu ba a yi ba, an fara caca da ransa.

Kuɗin da ake kashewa kafin a san cutar

Bari mu ɗauki misalin magidanci ɗaya a wani ƙauye kusa da Jakusko. Ba sai mun ba shi suna ba, domin irinsa suna da yawa. An haifa masa ɗa a gida, kamar yadda galibin haihuwa take a karkarar Arewa, ungozoma ta yanke cibi, aka yi suna lafiya. Babu wanda ya sa abin saurare a ƙirjin jaririn. Wata na biyu tari ya fara, aka je kemis aka sayo maganin tari da na zazzaɓi. Wata na uku numfashi ya tsananta, aka kai shi asibitin da ya fi kusa, aka ce limoniya ce, aka ba shi gado da allurai. Ma'aikacin asibitin bai yi ƙarya ba, lalle limoniyar ce, sai dai ita reshe ce, saiwar tana can ƙasa. Aka sayar da akuya ɗaya aka biya. Yaro ya sami sauƙi aka koma gida, bayan mako shida abu ya dawo.

Da aka ga na asibiti bai yi ba sai aka juya ga na gida. Wanzami ya yi tsaga, mai magani ya ba da jiƙo da hayaƙi, wani ya ce sai an yanka kaza. Ba muna cewa kada a yi addu'a ba ne, addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ba ta kuma cin kuɗi. Amma waɗanda ke karɓar ɗan abin da ya rage a hannun talaka da sunan za su toshe ramin da ba su taɓa gani ba, su ma suna cikin lissafin nan. Abin da suka ci mafi tsada kuwa ba kuɗin ba ne, watannin ne.

Ran da Allah ya sa aka kai yaron Gashuwa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, likita ya saurari ƙirjinsa ya ji wani sauti kamar huci a tsakanin bugun zuciya, sai ya rubuta takarda ya ce a tafi a yi hoton zuciya a ga likitan zuciyar yara. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a ƙasar nan, galibinsu kuma a manyan asibitocin koyarwa suke, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Maiduguri, da na Zariya da Jos. Tafiya ta kama ke nan, ga uba, ga uwa, ga yaro, wani lokaci har da kaka ko ƙanwar uwa mai taya jinya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, kowa ya sani. Ga abinci a baƙon gari, ga kwana a barandar asibiti, ga kuma “ku dawo mako mai zuwa”, kalmar da ba ta da nauyi a bakin mai faɗinta amma ta fi buhun gero nauyi ga mai jin ta.

Akwai asarar da ba ta da rasiɗi, ita ce ta fi yawa. In tafiyar ta faɗo cikin damina, maigida ya bar gona lokacin noman firi ko maimai, ciyawa ta ci rabin amfanin. In ta faɗo da kaka, ya fasa rumbu ya kai hatsi kasuwa lokacin da kowa yake kaiwa, farashi yana ƙasa, sa'an nan da bazara ya komo kasuwar nan ya sayi hatsin nan da tsada don ciyar da iyali. Asara biyu ke nan kan buhu ɗaya. Uwar yaron da take ɗan ƙuli-ƙulinta da man gyaɗa, ko saƙar faifai da tabarma, ta ajiye, ta cinye jarin, adashinta ya tsaya. Babbar 'yarsu an cire ta daga makaranta don ta kula da ƙannenta. Dabbar da aka sayar ba ita kaɗai ta tafi ba, ta tafi da 'ya'yan da za ta haifa baɗi. Kafin a kai ga jin sunan cutar, gidan da a da yake iya riƙe kansa ya soma cin bashi.

Farashin aikin

Sa'an nan a zo ga babban dutsen. Aikin buɗe zuciya ba a kowane asibiti ake yinsa ba. Yana bukatar injin da zai karɓi aikin zuciya da huhu yayin da likita yake ɗinki, da jini mai yawa a ajiye, da ɗakin kulawa ta musamman, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya, da ƙwararru fiye da goma masu aiki tare. 'Yan wurare ne ke yinsa a Nijeriya, galibinsu a Kudu da Abuja, kamar asibitin koyarwa na Jihar Ikko, da na Ile-Ife, da na Inugu, da cibiyar Tristate da ke asibitin Jami'ar Babcock a Ilishan-Remo cikin Jihar Ogun. Wasu daga ciki ma sai in baƙin likitoci sun zo daga waje ake tara yara a yi musu.

Cikin 2013 likitocin asibitin koyarwa na Jihar Ikko sun buga lissafin abin da wannan aiki yake ci a wurinsu, ya kama daga wajen dala 6,000 zuwa dala 11,000, gwargwadon irin aikin. Dalilin yin lissafin da dala shi ne kusan duk kayan aikin daga waje ake sayo su. A wannan shekara dala tana wajen Naira 160, watau dala 6,000 ba ta kai Naira miliyan ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira 18,000 ne, saboda haka albashin shekara huɗu da rabi ke nan. Bayan da aka sakar wa Naira mara a watan Yuni 2023, dala ta haura Naira 1,500 cikin 2024. Dala 6,000 ɗin nan ta zama Naira miliyan 9. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yuli 2024, amma duk da haka sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashinsa na fiye da shekara goma, bai ci ba bai sha ba. Manomin Jakusko kuwa ko albashin ba shi da shi.

Jama'a, ku dubi abin da wannan yake nufi ga wanda ya soma tara kuɗi a farkon 2023. Ya sayar da sa, ya jinginar da fadama, dangi sun yi karo-karo, ya kusa rabi. Kafin shekara ta zagayo abin da ya tara ya koma kamar sulusin abin da yake a da in an auna da dala. Yana bin kuɗin aiki, kuɗin aiki yana gudu.

Yaron kuma ba tsaye yake yana jira ba. Kullum yana shan maganin rage ruwa a jiki da na taimakon zuciya, irin su Lasix da captopril, waɗanda ba sa toshe rami, lallaɓa shi kawai suke yi. Ana ci gaba da kwanciya asibiti. Ran da aka kai ga likitan tiyata, yaron da ya rame ya fi daɗewa a ɗakin kulawa ta musamman, wanda shi ne gado mafi tsada a kowane asibiti, ya kuma fi saurin kamuwa da wata cutar bayan aiki. In ya girma, likita ba zai taɓa shi ba sai an zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya an auna ƙarfin jinin huhu, a ga ko aikin zai yiwu. Wannan gwaji shi ma kuɗi ne mai yawa, wanda jariri ɗan wata shida galibi ba ya bukatarsa.

Ranar da ƙofa take rufewa

Abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai shi ne wani lokaci yaron yakan yi kamar ya warke. Haki ya ragu, tari ya yi sauƙi, har ya ɗan yi ƙiba, a ce an gode Allah ramin ya toshe. A wasu yaran gaskiya ne ya toshe ɗin. A wasu kuwa jijiyoyin huhun ne suka ƙuntata har jini ya daina cika shi. Bayan wasu shekaru sai jinin ya juya, ya riƙa bi ta ramin daga dama zuwa hagu bai je huhu ba. Leɓe da harshe da farce su yi duhu, kan yatsu ya kumbura kamar kan makaɗin ganga. Likitoci suna kiran wannan hali da sunan wani likitan Ostiriya, Victor Eisenmenger, wanda ya bayyana shi cikin 1897. In an kai nan, toshe ramin ba ya taimako, kashe mutum ma yake yi. Ko da an kawo Naira miliyan ɗari, likita sai dai ya ba da haƙuri.

Irin wannan yaro yakan rayu har ya zama saurayi, amma ba zai riƙe garma ba, ba zai tuƙa kwalekwale ba, zai sha magani mai tsada iyakar ransa, wani kuma zai riƙa ciyar da shi. In mace ce abin ya fi muni. Za ta girma kamar kowace yarinya, sai dai an san ta da saurin gajiya, a yi mata aure, ta sami ciki. Cikin mata masu wannan hali da suka ɗauki ciki, tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari suna mutuwa wajen goyon cikin ko jim kaɗan bayan haihuwa. A ƙauye sai a ce haihuwa ce ta zo da gardama, ba wanda zai tuna da jaririyar da take haki shekara goma sha takwas da suka wuce.

Akwai kuma yaran da tun farko jininsu ba ya samun isasshiyar iska, saboda ban da ramin hanyar zuwa huhu ma a ƙuntace take. Su ne za ka ga yaro yana cikin wasa sai ya tsuguna, ya ɗan huta, ya tashi, ya sake tsugunawa, ba wanda ya koya masa. Alƙaluman likitoci na tun dā sun nuna in ba a yi musu aiki ba, wajen rabinsu ne ke kai shekara uku, kimanin ɗaya cikin huɗu ke kai shekara goma. Waɗanda suka rayu jininsu yakan yi kauri, ga haɗarin shanyewar ɓarin jiki ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Alhali kuwa in an gyara da wuri, mafi yawansu suna girma su yi karatu, su yi sana'a, su yi iyali.

Mun fara da wuri, muka tsaya

Abin da ke ba mutum takaici shi ne ilmin ba sabo ba ne, Nijeriya kuma ba ta makara wajen farawa ba. Tun 1938 Dokta Robert Gross ya ɗaure jijiyar nan mai ƙin rufewa a jikin wata yarinya 'yar shekara bakwai a birnin Boston na Amurka. Cikin 1953 Dokta John Gibbon ya yi aiki na farko da injin mai karɓar aikin zuciya da huhu. Shekara 21 kacal bayan haka, ran 1 ga watan Fabrairu 1974, aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka yi shi tare da Magdi Yacoub, Bamisiren likitan nan da ya yi suna a Ingila. Amma daga 1974 zuwa 2000, aiki 102 kawai aka yi a can, watau kamar huɗu a shekara. Asibitin Narayana da Dokta Devi Shetty ya kafa a Bangalore ta Indiya yana yin fiye da haka cikin mako guda, kuma yawan aikin ne ya sa nasu ya yi araha. Shi ya sa masu hali, da waɗanda gwamnati ko wata ƙungiya ta ɗauki nauyinsu, suke kwasar kuɗi zuwa Indiya da Masar. Jami'an gwamnati da kansu sun sha faɗin cewa 'yan Nijeriya suna kashe wajen dala biliyan ɗaya a shekara wajen neman magani a waje.

Kowa ya san labarin Nwankwo Kanu. Yana dawowa da zinariyar ƙwallon ƙafa daga wasannin Olimfik na Atlanta cikin 1996, likitocin kulob ɗin Inter Milan suka gano tawaya a zuciyarsa. Kafin shekarar ta ƙare an yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, ya komo fili, ya yi shekaru fiye da goma yana wasa, har da Arsenal. Cikin 2000 ya kafa gidauniyar da ta kai ɗaruruwan yara aiki a ƙasashen waje. Ga riba ƙiri-ƙiri ta aikin da aka yi kan lokaci. Haka nan cibiyar Salam da wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe kusa da Khartum cikin 2007, ta yi wa mutanen ƙasashen Afirka da yawa aikin zuciya kyauta, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya dagula hanyar zuwa can. Allah ya saka wa masu taimako, amma layinsu dogo ne, huhun yaro kuma ba ya bin layi.

Gwamnatocin Afirka sun yi alkawari a Abuja cikin 2001 za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kusantar wannan ba, galibi tana tsakanin kashi 4 zuwa 6. Saboda haka wajen kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fitowa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware asusu don ƙananan asibitoci, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce kowa ya shiga, Jihar Yobe ma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya. Duk abin yabo ne, amma an tsara su ne musamman don zazzaɓi da haihuwa da ƙananan cututtuka, ba don aikin miliyoyi ba.

Wani zai ce, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suke kashe yara, ina hikimar kashe miliyoyi kan yaro ɗaya? Tambaya ce mai ma'ana, ba za mu yi mata dariya ba. Amsarmu ita ce kuɗin ana kashe su ko an yi aikin ko ba a yi ba, sai dai a ɓarɓashe ake kashe su, a kemis da tasha da gadon asibiti, daga ƙarshe kuma ba kuɗin ba yaron. Aikin kuwa a mafi yawan yara sau ɗaya ake yinsa, amfaninsa ya kai shekara hamsin ko sittin. A Gashuwa ciwon ƙoda ya sami masu magana a kansa har gwamnati da masu bincike suka waiwaye shi, domin yana kama manya da aka sani, masu iyali da abokai. Jariri ɗan wata takwas ba shi da mai yi masa wannan magana, in ya rasu sai a rubuta limoniya.

Abin da ba ya bukatar miliyoyi

Da yawa daga cikin jinkirin nan ba a ɗakin tiyata yake ba, a ƙauye yake. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa jariri a ƙafa ko hannu bayan ya kwana ɗaya a duniya, ta nuna yawan iskar da ke cikin jininsa. Tana kama da yawa daga cikin munanan tawayoyin masu sa duhun leɓe, ko da yake ba ta kama ramin da muka fara bayani a kansa. Shi wannan sikeli ne da kunne suke kama shi. Duk jaririn da aka kawo rigakafi aka ga nauyinsa ba ya ƙaruwa, ko wanda limoniya ta kama sau biyu kafin ya cika wata shida, ya kamata a saurari ƙirjinsa da kyau a tura shi gaba. Na'urar hoton zuciya ta zamani ana ɗaukarta a jaka. Likitan zuciyar yara ɗaya da zai riƙa zuwa Nguru ko Gashuwa rana ɗaya a wata ya fi sauƙi da a ce gidaje talatin su kwashi jiki zuwa Kano. Ita kuma jijiyar nan mai ƙin rufewa ba ta bukatar injin zuciya da huhu, ana ɗaure ta ta gefen ƙirji, ko a toshe ta da bututu ta cinya, kuɗinta kuma bai kai na buɗe zuciya ba.

Akwai ma wanda ake iya karewa tun daga ciki. Tun 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya gano cewa in ƙyandar Jamus, watau rubela, ta kama mace a farkon ciki, jariri yakan zo da yanar ido da ciwon zuciya, daga baya aka gane har da kurumta. A watan Oktoba 2025 Nijeriya ta fara yi wa yara 'yan wata tara zuwa shekara 14 allurar rigakafin ƙyanda haɗe da ta rubela. Yarinyar da aka yi wa yau, 'ya'yanta aka kare. Mace mai ciwon suga ma in ta daidaita shi kafin ta ɗauki ciki ta rage haɗarin. Amma a sani, a mafi yawan yara ba a gano dalili, ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci ba ne, kada a ɗora mata.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, sau da yawa wurinku ake sauka in an zo neman aiki a Kudu, ku ne masu masauki, ku ne masu yawo da takarda a masallaci da kasuwa. In ɗan'uwa ya iso daga Jakusko ko Nguru da yaro da takardar hoton zuciya, ku fara duba kwanan watan da ke jikin takardar da shekarun yaron. In hoton ya daɗe, likitan tiyata zai ce a sake shi. Ku kai yaron asibitin koyarwa tukuna a tabbatar aikin zai yiwu, a rubuta muku kuɗinsa da lokacin da bai kamata a wuce ba, sa'an nan a fara karo-karo, kuɗin kuma a zuba su kai tsaye cikin asusun asibitin da sunan yaron.